Teku Ce Ke Tsayar da Ranar Tafiya: Sharhi Kan Zirga-zirga Tsakanin Tsibiran Indunusiya

 Yau za mu nausa gabas mai nisa, zuwa ƙasar Indunusiya, mu duba yadda mutum ke shirya tafiya a inda babu kwalta tsakanin gari da gari, sai ruwa da sararin samaniya.

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali ya ga alhazan wannan ƙasa a Makka da Madina, suna tafiya ayari-ayari cikin natsuwa, kowane ayari da irin tufafinsa. Su ne suka fi kowa yawan kujerun aikin Hajji, kujera 221,000 a shekara, domin ƙasarsu ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Abin da ba kasafai muke tunawa ba shi ne irin hanyar da wasunsu ke ratsawa kafin su kai ga jirgin da zai kwashe su zuwa ƙasa mai tsarki. Akwai maniyyacin da sai ya hau kwale-kwale daga ƙauyensa zuwa babban tsibiri, ya kwana cikin jirgin ruwa, ya sake hawa ƙaramin jirgin sama, sannan ya isa sansanin alhazai. Kafin ya fara tafiyar da muka sani, ya riga ya yi wata tafiyar mai zaman kanta.

Dalili shi ne yanayin ƙasar. Indunusiya tsibirai ce fiye da 17,000, kuma kimanin 6,000 daga cikinsu ne mutane ke zaune a kai. Yawan jama'arta ya kai kusan miliyan 280. Daga Sabang a ƙuryar yamma zuwa Merauke a ƙuryar gabas akwai tazarar sama da kilomita 5,000, wato kusan nisan da ke tsakanin Dakar da Khartum. Fiye da rabin mutanen ƙasar suna kan tsibiri guda, Jawa, inda birnin Jakarta yake. Sauran sun warwatsu a Sumatara da Kalimantan da Sulawesi da Papuwa, da ɗaruruwan ƙananan tsibirai na yankunan Maluku da Nusa Tenggara. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a jami'a, da matar da likita ya tura babban asibiti, da manomin da zai kai kanumfarinsa kasuwa, da malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, duk tambayarsu ɗaya ce: yaushe jirgi zai zo?

Shugabannin ƙasar sun fahimci nauyin wannan tambaya tun da wuri. A zamanin mulkin mallaka, wani kamfanin Turawan Holan mai suna KPM ne ke riƙe da sufurin ruwa tsakanin tsibiran. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa nata kamfanin, Pelni, a shekarar 1952. A ranar 13 ga Disamba, 1957, Firaminista Djuanda ya yi shelar cewa duk ruwan da ke tsakanin tsibiran ƙasar mallakin Indunusiya ne, kamar yadda tudunta yake mallakinta. Kafin wannan rana, mil uku kacal daga gaɓar kowane tsibiri ake lissafa wa ƙasar, abin da ya wuce nan kuwa ruwan kowa da kowa ne, jirgin kowace ƙasa na iya ratsa tsakiyarta yadda ya ga dama. An shafe shekara 25 ana kai ruwa rana kafin dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta amince da wannan matsayi. Tun daga nan ya zama wajibi a kan hukuma ta tabbatar jirgi na zuwa ko'ina, domin wanda ya ce ruwa nasa ne, sai ya samar wa jama'arsa abin ƙetare shi.

To, bari mu dubi abubuwan hawan da ke gaban matafiyi a yau, domin ba a shirya tafiya sai an san su.

Akwai jiragen fito, waɗanda ke kwasar mutane da motoci da manyan tireloli tsakanin tsibiran da ke maƙwabtaka da juna. Kamfanin gwamnati na ASDP ne ke kula da manyan tashoshinsu. Daga Merak a tsibirin Jawa zuwa Bakauheni a Sumatara tafiyar kusan awa biyu ce. Daga Ketapang zuwa Gilimanuk, wato daga Jawa zuwa Bali, kusan awa guda. Daga Padangbai a Bali zuwa Lembar a Lombok, awa huɗu zuwa biyar. Waɗannan dare da rana suke aiki, in wannan ya tashi ya bar ka, wani na nan tafe.

Akwai kuma manyan jiragen Pelni, guda ashirin da 'yan kai, waɗanda aka ƙera mafi yawansu a garin Papenburg na ƙasar Jamus, aka raɗa musu sunayen duwatsun ƙasar, irin su Kelud da Dobonsolo da Ciremai da Labobar. Manyan cikinsu na ɗaukar fasinja 2,000 ko fiye. Yawancinsu zagayen mako biyu suke yi, su bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen hanya, su juyo ta inda suka bi. Wanda ya hau daga tashar Tanjung Priok ta Jakarta zai nufi Jayapura a Papuwa, kusan mako guda zai yi a kan ruwa, ana yada zango a Surabaya da Makasar da Sorong da Manokwari da makamantansu.

Sai jiragen sama. Kamfanonin Garuda da Lion Air da Citilink da Batik Air suna haɗa manyan birane, kuma wannan tafiya ta mako guda zuwa Jayapura, a sama awa biyar zuwa shida ce. Birnin Makasar shi ne mararrabar gabashin ƙasar, nan ake sauya jirgi zuwa garuruwa da dama. Daga manyan filaye, jirage masu farfela irin na Wings Air, masu kujera kusan 70, ke ƙarasa da mutane zuwa matsakaitan garuruwa. Can ƙarshen layi kuma akwai 'yan ƙananan jirage masu kujera goma sha biyu ko ƙasa da haka, irin na kamfanin Susi Air, waɗanda gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗin tikitinsu domin su riƙa sauka a wuraren da riba ba za ta kai kowane kamfani ba. Haka ma a ruwa, akwai jiragen tallafi masu suna Sabuk Nusantara da ke leƙa tsibiran da manyan jirage ba sa zuwa. Daga inda waɗannan suka tsaya, sai kwale-kwalen katako mai inji na mutanen gari.

Masu sauraro, ga abin da nake son mu riƙe daga sharhin yau. Tafiyar tsibirai daga ƙarshenta ake fara shirya ta. Gaɓar da ta fi rauni a cikin hanyar, wato jirgin da ya fi jinkirin zuwa, ya fi ƙarancin kujeru, ya fi saurin fasa tashi, ita ce ke tsayar da ranar komai. Kuma wannan gaɓa kusan kullum a hannun teku take. Mafi yawan masu shiga uku a irin wannan tafiya sun fara ne da sayen babban tikiti mai tsada na zuwa da dawowa, sai daga baya suka shiga neman yadda za su cusa sauran hanyar a tsakanin ranakun nan biyu. Teku kuwa ba ta san da tikitin kowa ba.

Mu ɗauki misali na zahiri, tsibiran Banda da ke lardin Maluku, kimanin kilomita 200 kudu maso gabas da birnin Ambon. Ƙananan tsibirai ne, amma sunansu ya cika tarihi. A da can, nan ne kaɗai duniya ke samun gyaɗar ƙamshi, kamar yadda kanumfarin da ke cikin shayinmu da kununmu ya samo asali daga tsibiran arewacin Maluku. Saboda wannan ƙamshi Turawan Holan suka yi wa mutanen Banda kisan kiyashi a shekarar 1621. A yarjejeniyar Breda ta 1667, Ingila ta haƙura da ɗan tsibirin Run na Banda, Holan kuma ta bar mata tsibirin Manhattan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau. A garin Banda Neira ne kuma 'yan mulkin mallaka suka tsare Mohammad Hatta, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa na farko, daga 1936 zuwa 1942.

Wanda ke son zuwa Banda daga Jakarta, gaɓar farko ba ta da wuya: jirgin sama zuwa Ambon, kusan awa uku da rabi, kuma kullum ana samu. Daga Ambon ne lissafi ke canzawa. Ƙaramin jirgin sama ba ya cika awa guda a hanya, amma ba kullum yake tashi ba, kujerunsa ba su da yawa, ana auna nauyin fasinja da na kayansa, kuma iska ko hadari na iya hana shi tashi. Jirgin Pelni ya fi tabbas, amma tafiyar awa takwas ce ko fiye, kuma sai ranar da zagayensa ya biyo ta nan. Lamarinsa kamar na kasuwar ƙauye ne mai ci ranarta, wanda ya makara sai ya jira ta zagayo. Daga Banda Neira zuwa tsibirin Run ko na Ai kuma sai kwale-kwale, wanda matuƙinsa ke duban ruwa da safe kafin ya ce a hau ko a bari.

Saboda haka mai hankali zai fara ne da neman jadawalin Pelni, wanda galibi ba a fitar da shi sai ana saura 'yan makonni. In ya ga ranar da jirgi zai bar Ambon da ranar da wani zai biyo ta Banda ya komo, sai ya ɗora tikitin jirgin sama na Jakarta zuwa Ambon a kan waɗannan ranaku. Babban tikitin ƙasa da ƙasa kuwa, in tilas ne a saye shi tun da wuri, to a sayi wanda ake iya ɗaga ranarsa, ko a buɗa tazara mai faɗi tsakanin zuwa da dawowa. Kuma a lura, hanyar dawowa ta fi ta zuwa hatsari ga aljihu. In ka makara wajen shiga tsibiri, kwana biyu na ziyararka kawai ka rasa. In ka makara wajen fitowa, jirgin Ambon ya tafi, na Jakarta ya tafi, wataƙila ranakun bizarka ma sun ƙare, ga tara tana hawa kowace rana. Shi ya sa masu sanin hanyar ke barin ƙaramin tsibiri da kwana biyu ko uku a hannu kafin ranar babban jirgi. Waɗannan kwanaki na rara suna cikin kuɗin tafiya, kamar yadda tikiti yake ciki.

Akwai wani abin da ya kamata a sani game da tikiti. In kamfani ɗaya ya sayar maka da tafiya mai gaɓa biyu a takarda guda, jirgin farko ya makara, nauyinsa ne ya sa ka a wani jirgin. In kuwa kai ne ka harhaɗa da kanka, wannan daga kamfani kaza, wancan daga kamfani kaza, ga na jirgin ruwa a gefe, to babu wanda ya ɗauki alhakin wani. Jirgin ruwan da ya iso tasha bayan awa biyar da lokacinsa ba zai biya ka tikitin jirgin saman da ka rasa ba. Don haka kada a haɗa saukar jirgin ruwa da tashin jirgin sama a yini guda. A kwana a tsakani. Haka nan kowane kamfani da nauyin kayan da ya yarje wa fasinja, kuma jakar da babban jirgi ya karɓa ba tare da magana ba, ƙaramin jirgi na iya ƙin ɗaukarta ko da za ka biya.

Sai maganar lokacin shekara. Iska biyu ke mulkin tekunan Indunusiya. Daga Disamba zuwa Maris iskar yamma ke kaɗawa, ta kawo ruwan sama da manyan igiyoyi a tekun Jawa da kewayenta. Daga Yuni zuwa Agusta kuma iskar gabas ce, wadda ke tayar da tekun Banda da na Arafura. Wannan ya sa watan da ya dace da wani yanki bai dace da wani ba. Yuli da Agusta rani ne a Bali da Jawa, amma a Ambon tsakiyar damina ke nan, ƙananan jiragen ruwa masu gudu kan dakatar da zuwa Banda gaba ɗaya. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, BMKG, tana fitar da gargaɗi kan tsayin igiyar ruwa a kai a kai, kuma doka ta ba shugaban tashar jiragen ruwa ikon hana kowane jirgi tashi in ya ga ruwa bai yi kyau ba. Fasinjoji kan yi gunaguni in aka hana su tafiya, amma wannan jami'i rayukansu yake tsarewa. Wanda aka ce masa yau babu fito, ya koma masauki ya gode wa Allah. Kada ya zagaya bayan tasha neman mai kwale-kwalen da zai karɓi kuɗi ya shiga ruwan da hukuma ta hana. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kalandar jama'a ma tana da nata hukuncin. A ƙarshen watan Ramadan mutanen Indunusiya kan koma garuruwansu na asali domin Ƙaramar Salla, kuma a shekarar 2024 ma'aikatar sufurin ƙasar ta yi hasashen sama da mutum miliyan 190 za su yi tafiya a wannan lokaci. Motoci kan yi dogon layi a tashar Merak, tikitin jirgin sama ya yi tashin gwauron zabi, na jirgin ruwa ya ƙare tun da wuri. A watan Disamba haka jiragen gabas ke cika, domin Maluku da Papuwa da Flores da arewacin Sulawesi suna da Kiristoci masu yawa da ke komawa gida bikin Kirsimeti. A Bali kuma akwai ranar Nyepi ta mabiya addinin Hindu, wadda kan faɗo galibi a watan Maris, inda ake rufe filin jirgin sama da tashoshin ruwa na tsawon awa 24, ba shiga ba fita. Waɗannan duk ana iya sanin su tun kafin a bar gida. Wanda ba a iya sani shi ne aman duwatsu. A Nuwamban 2017 tokar dutsen Agung ta sa an rufe filin jirgin saman Bali, dubban matafiya suka maƙale. A Nuwamban 2024 dutsen Lewotobi na tsibirin Flores ya sa an soke tashin jirage da dama. A irin wannan rana jirgin fito da motar safa ne ke fitar da mutane, shi ya sa yana da kyau matafiyi ya san hanyar ruwa ko da ta sama ya yi niyyar bi.

Agogo ma kan yaudari baƙo. Ƙasar na da lokuta uku. In ƙarfe goma sha biyu na rana ta yi a Kano ko Yamai, ƙarfe shida na yamma ne a Jakarta, bakwai a Makasar da Bali, takwas a Ambon da Jayapura. Wanda ya ƙetara daga Jawa zuwa Bali a jirgin fito, tafiyar awa guda ya yi, amma agogon inda ya sauka ya yi gaba da awa biyu daga lokacin da ya hau. Lokacin da aka rubuta a tikiti kuwa na garin da jirgi zai tashi ne.

To, tsakanin ruwa da sama, wanne ya fi? Amsar tana ga abin da mutum ya fi ƙarancinsa, kuɗi ko lokaci. Tikitin talakawa a jirgin Pelni ya fi na jirgin sama sauƙi nesa ba kusa ba, domin gwamnati na tallafa masa, kuma abinci sau uku a rana na cikin kuɗin. Ana kwana ne a manyan zauruka masu gadaje jere-jere, iyali da kayansu, 'yan kasuwa da buhunansu, ɗalibai da akwatunansu. A kowace tasha masu talla kan hau da dafaffen kifi da shinkafa da 'ya'yan itace. Wani abin da zai faranta ran Musulmi shi ne akwai masallaci a cikin waɗannan jirage, kuma in lokacin salla ya yi ana sanarwa ta lasifika, a faɗi inda alƙibla take gwargwadon inda jirgi ya sa gaba. Sai dai akwai cunkoso, akwai hayaniya, jirgi na iya isa tasha da tsakar dare, kuma dole mutum ya sa ido a kan kayansa. Mai ƙurarren lokaci, ko mara lafiya, ko mai tafiya da tsoho, jirgin sama ya fi masa. Hanya mafi dacewa ga yawancin mutane ita ce a yanke dogon zango ta sama, a ƙarasa gajeren ta ruwa. A kuma riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin ƙananan tsibirai da yawa ba su da na'urar cirar kuɗi, layin waya ma kan ɗauke.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi komai nauyi, wato rai. Tekunan Indunusiya sun ci mutane da yawa. A Janairun 1981 jirgin Tampomas na Biyu ya kama da wuta ya nutse a tekun Jawa, ɗaruruwan mutane suka rasu. A Yunin 2018 wani jirgin katako mai suna Sinar Bangun ya kife a tafkin Toba na Sumatara a kwanakin hutun Salla, fiye da mutum 160 suka salwanta. An lafta masa mutane da babura ninkin-ba-ninkin abin da zai iya ɗauka, kuma babu takardar sunayen fasinjoji, har sai da iyalai suka riƙa zuwa suna faɗin wanda ba su gani ba kafin hukuma ta san adadin waɗanda take nema. Ta sama ma an sha jimami. A Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta da mutum 189, a Janairun 2021 kuma na Sriwijaya Air ya faɗi da mutum 62. Duk da haka an samu gyara. Tarayyar Turai ta hana jiragen saman Indunusiya shiga sararin samaniyarta a 2007, sannan ta ɗage haramcin gaba ɗaya a 2018 bayan ta gamsu da matakan da aka ɗauka.

Me ke hannun fasinja a nan? Abu ne mai yawa. Ya sayi tikiti daga ofishin kamfani ko shafinsa na intanet, da sunansa na gaskiya kamar yadda yake a fasfo, ya guji 'yan kamashon bakin tasha masu cewa a ba su kuɗi su shigar da mutum ta bayan fage. Wanda sunansa ba ya cikin takarda, in wani abu ya faru, ba a san da shi a lissafin masu ceto ba, iyalinsa kuma za su sha wuya kafin su samu diyyar inshora. Da zarar ya hau, ya nemi inda rigunan kariya daga nutsewa suke da ƙofar fita. In ya ga an cika kwale-kwale har ruwa na neman taɓa bakinsa, ya sauka, ko da ya riga ya biya. Ya kuma sanar da wani nasa sunan jirgin da ya hau da ranar da ake sa ran isarsa.

Wannan darasi bai tsaya a Indunusiya ba. Mu ma a nan mun binne 'yan'uwa da yawa saboda dalilai iri ɗaya. Ba mu manta da kifewar jirgin ruwa a yankin Warra na jihar Kebbi a Mayun 2021 ba, da na yankin Patigi na jihar Kwara a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, rashin rubuta sunaye: cuta ɗaya ce a kogin Kwara da tafkin Toba.

Amma kada mu ɗora komai a wuyan fasinja. Mutumin da ke zaune a tsibirin da jirgi ke zuwa sau ɗaya a mako biyu, in ɗansa ya kwanta rashin lafiya, ba shi da zaɓin jiran ruwa ya lafa. Rashin jirgi mai aminci ne ke tura talaka cikin ruɓaɓɓen kwale-kwale. Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin da gwamnatin Indunusiya ke zubawa a jiragen Pelni da na Sabuk Nusantara da ƙananan jiragen sama kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. A shekarar 2015 gwamnatin Shugaba Joko Widodo ta ƙaddamar da shirin Tol Laut, na jiragen dakon kaya masu zuwa yankuna masu nisa a kan ƙayyadadden jadawali, domin rage tazarar farashin shinkafa da sukari da siminti tsakanin Jawa da gabashin ƙasar. Shirin na da matsalolinsa, babba daga ciki ita ce jirage kan tafi cike su dawo kusan wayam, domin kayan da tsibiran ke fitarwa bai kai wanda suke shigowa da shi ba. Duk da haka tushen tunanin daidai ne: ɗan ƙasa da ke bayan ruwa yana da haƙƙin hanya kamar wanda ke bakin titi. Hukumominmu da ke kula da al'ummomin gaɓar Kwara da Binuwai da tsibiran tafkin Chadi suna da abin koyi a nan.

Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin tufafi a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta, da ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in ƙasar, da duk mai sha'awar wuce Jawa ya ga sauran tsibirai, shawarata ita ce a nemi biza tun da wuri, a duba watan tafiya da yanayin tekun yankin da aka nufa, a fara da jadawalin jirgin da ya fi wuyar samu, sannan a gina sauran a kansa. A tambayi mutanen gari da ma'aikatan tasha, domin matambayi ba ya ɓata. A bar kwanakin rara kafin ranar dawowa. In hukuma ta ce yau ba a shiga ruwa, a yi haƙuri a kwana. Kuma ko a can ko a nan gida, kada wani ya yarda ya hau jirgin da aka cika fiye da kima, ko ya bar iyalinsa su hau. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.